Sawun Farar Fijo

Ranar Asabar da hantsi Mamadu ya buɗe gareji zai goge mota, kamar yadda ya saba duk mako shekara ashirin da biyu ke nan, sai ya tarar da wuri fayau. Tampol ɗin da ake lulluɓa mata yana gefe a ninke. Ɗigon baƙin mai na nan a siminti, daidai inda take tsayawa. Amma farar Fijo kat-san-kat, wato 404, ta Madam Odile babu ita. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa kwado ba.

Gidan a Charbonnières yake, bayan birnin Lyon kaɗan, a Faransa. Garin wanka ne a da, masu hali kan zo da bazara su sha ruwan marmaro, su jiƙa jikinsu don neman lafiya. An daɗe da barin wankan, sai tsofaffin gidaje suka rage da manyan itatuwa. Na Madam Odile hukuma ta sa shi cikin gidajen tarihi, ko taga ba a canjawa sai da izini. Mamadu mutumin Tanut ta ƙasar Nijar shi ne gardi, shi ne mai lambu, shi da matarsa Shafa'atu suna zaune a ɗan sashen bakin ƙofa.

Ran Lahadi Thierry, ɗan Madam, ya iso daga Paris. Dama ya shirya da dillalan tsofaffin motoci cewa ran Alhamis za su aiko kamiyo, babbar motar kaya, a ɗauki motar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Mamadu makullin gareji biyu ne, ɗaya a hannun Mamadun, ɗaya a hannun makanike. In Alhamis ta yi babu mota, zai kai ƙara wurin jandarma, wato 'yan sanda, Mamadu kuma ya nemi wani wurin zama. Ya ƙara da cewa kada wanda ya kuskura ya gaya wa mahaifiyarsa. Shekarunta tamanin da huɗu, zuciyarta ba ƙarfi.

Kafin azahar ɗin Litinin labari ya gama Guillotière, unguwar da mutanenmu ke cefane da hira.

*

Malam Ɗanyaro na zaune a ɗakinsa a Saint-Denis, gefen Paris, hawa na tara, yana shafa wa gwiwa man zafi, waya ta yi ƙara. Shafa'atu ce. Gaisuwar ma a gajarce ta yi ta.

"Kawu, ka zo. Za su ɓata wa Mamadu suna."

"Me kika sani a kai?"

"Ka dai zo ka duba ƙasa," in ji ta.

Ɗanyaro bai taka lakol ba, bai yi boko ba ke nan. A Damargu ya tashi yana bin mahaifinsa a baya, suna bin sawun raƙuman sata, wani lokaci kwana biyar a daji. Da ya girma ya koma shofer, wato direba, cikin masu sayen tsofaffin Fijo a Faransa su keto da su Sahara har Agadas. Sau goma sha ɗaya ya yi wannan hanya. Da hanya ta lalace sai ya zauna, ya ƙare ƙarfinsa yana tura akwatunan kayan lambu a kasuwar Rungis. Yanzu ya yi ritaya, a cikin garin da duk inda ka duba kwalta ce, ƙasa ba ta faɗa maka komai. Amma har yau da kai sunkuye yake tafiya.

Talata da safe ya shiga jirgin Lyon.

*

Shagon Alhaji Dodo da ke Guillotière ya fara sauka. Shago ne na garin gero da daddawa da busasshen kifi, a bayansa akwai benci biyu inda ake yanke wa kowa hukunci.

"Ga mai raƙuma," in ji Dodo. "An kira ka ka shinshina kwalta?"

"An ce kun gama binciken, na zo in ji sakamako."

"Wane bincike kuma? Mota tana tashar ruwa ta Anvers, ana jiran jirgin ruwan Kotonu. Mamadu mutumin kirki ne, ba na musu. Amma ya ji za a sayar da mota, gobe a sayar da gida, jibi a ce masa merci, a sallame shi. Mutum zai yi wa kansa tanadi."

"Ka gan shi da sitiyari a hannu ko sau ɗaya?"

"Bai iya ba. Ko keke sai ya yi bismilla uku. Ai buɗe ƙofa ba ya buƙatar permin tuƙi."

"Ran Juma'a ka gan shi?"

"Kusa da ni ya yi salla. Daga nan ya zauna nan inda kake, har ruwan la'asar ya ɗauke, sannan ya tafi."

"Ƙarfe nawa ruwan?"

"Wajen huɗu. Tun daga shi ko ɗigo ba a sake yi ba." Dodo ya matso, ya rage murya. "Abin da ya tsaya mini, washegari ya tashi ya share tsakuwar gidan kaf, ya lailaye ta da manjagara, kafin ya ce an yi sata. Kai mai bin sawu ne. Me ke sa mutum ya share sawu?"

Ɗanyaro ya sayi goro biyu ya fita.

*

Garejin Amine makanike ba nisa. Ɗan Aljeriya ne, haifaffen Lyon, kansa ya fara furfura. A ƙofar gareji akwai tirela irin ta ɗaukar mota, Ɗanyaro ya zagaya ta sau biyu kafin ya yi sallama. Da Faransanci suka yi magana, irin na kasuwa.

"Na san abin da kake dubawa," in ji Amine. "Ina da makulli, ina da tirela. Thierry ma ya zo ya duba. Tun Alhamis ina Aix-les-Bains wurin taron tsofaffin motoci, sai Lahadi na dawo. Ga hotuna nan, har da alƙalan gasa."

"Motar tana tashi?"

"Kamar agogo. Ni ke kula da ita tun mahaifina ya bari. Amma ba kowa take tasar wa ba. Sai ka ja shok rabi, ka taka mai sau biyu, ka jira. Giya kuma a jikin sitiyari take. Yaran yanzu ka ba su makulli su wuni a ciki."

Ɗanyaro ya yi murmushi. Hannunsa na dama ya motsa da kansa, ya ja giyar da babu ita. Ya tuna wata kat-san-kat shuɗiya da ta kai shi Tamanrasset da tukunyar ruwa a fashe, yana toshe ta da sabulu duk bayan awa biyu.

"Wa ya san wannan dabara?"

"Ni. Marigayi dokta, mijin Madam. A Zinder ya sayi motar lokacin yana likita a can, da suka dawo suka taho da ita. Thierry ko kusa, shi otomatik yake ja."

"Shi ke nan?"

Amine ya ɗaga kafaɗa. "Cikin masu ƙafar taka birki, shi ke nan."

*

Mamadu ya rame cikin kwana uku. Ya tarbi Ɗanyaro a bakin ƙofa, suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi Tanut da waɗanda suka rasu.

"Me ya sa ka share tsakuwa?"

"Malam, kullum ina sharewa bayan asuba. Dokta ne ya koya mini, yana son ya ga layi-layi. Da na san an yi sata zan share?"

"Makullinka fa?"

"A ƙusa, bayan ƙofar ɗakinmu. Na gareji da na mota zobe ɗaya. Na motar ne babu."

"Ran Juma'a wa ka bari a gida?"

"Shafa'atu da Madam. Mai jinya da safe take zuwa, sha ɗaya ta tafi. Shafa'atu ta ce tana kicin, ba ta..." Ya tsaya. "To, ba ta ce komai ba dai. Tun Asabar kuka take."

Cikin gida babu abin karantawa, manjagara ta cinye. Ɗanyaro ya fita waje. Tsakanin ƙofa da kwalta akwai wani tsiri na jar ƙasa, taku huɗu, inda aka tona aka gyara bututun ruwa a watan jiya. Wata babbar itaciya ta yi masa rumfa. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara.

Sawun na nan. Taya siririya ta da, ba irin ta yanzu ba. Ƙofar matsattsiya ce, ga kwana nan take, amma motar ta fita sumul, ba ja da baya, ba gyara. Wanda ya ja ta ya san ƙofar nan kamar ƙofar ɗakinsa. A tsakiyar jar ƙasar tayoyin sun ɗan nutse, ga ɗigon mai uku wuri ɗaya. An tsaya ke nan, inji na aiki, an daɗe kaɗan. Ɓarawo ba ya tsayawa a ƙofar gidan da ya yi wa sata.

Sai ya ga ramin. A cikin sawun hagu, gefen shofer, an kwashi ƙasa cikin tafin hannu ɗaya. Shatin yatsu huɗu na nan, sirara. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa. Cikin ramin akwai ƙananan tabo na ɗigon ruwan sama da ya tsiyayo ta cikin ganye, iri ɗaya da na cikin sawun.

Ya daɗe a durƙushe. Abin da ya zo masa ba motar ba ce. Wata safiya ce a ƙofar gidansu, yana ɗan shekara goma sha tara zai tafi Agadas, ya waiwaya ya ga mahaifiyarsa ta sunkuya a inda ya taka.

Da ya shiga, Shafa'atu ta kawo masa tuwo da miyar kuka. Ta ajiye ba ta dube shi ba.

"Na duba ƙasa," ya ce.

"Ta yi magana?"

"Ta yi. Rantsuwa aka sa ki?"

Ta gyara masa ruwan wanke hannu ta fita.

*

Da Ɗanyaro ya nemi ganin Madam, Thierry ya ƙi da farko. Ya ce bai san wannan tsoho ba, kuma mahaifiyarsa ba za ta shiga maganar ba.

"Mushe," in ji Ɗanyaro, kamar yadda ake girmama namiji da Faransanci, "gobe Laraba. Ka tara mini mutanen gidan nan a falo, har da Madam, na rabin awa. In ban nuna maka inda za ka tambayi motarka ba, jibi ni zan raka ka wurin jandarma. Amma in babu Madam, babu magana."

Falon irin na da ne, silin mai tsawo, murhu na dutse. A bango ga takubban Buzaye, ga hoton wani Bature da farar riga a jingine da farar mota, bayansa duwatsun Zinder. Madam Odile na zaune a kujerarta, sanda a gefe, 'yar ƙarama kamar tsuntsuwa. Amine ya zo da kayan aiki a jikinsa. Mamadu ya tsaya kusa da ƙofa, Shafa'atu a bayansa.

Ɗanyaro ya gaishe ta da Faransanci. Ta dube shi, ta dubi tsagar fuskarsa, ta amsa da Hausa.

"Sannu da zuwa, Malam. Mutumin Damargu ne?"

"Shi ne, ranki ya daɗe. Ashe ba ki manta ba."

"Shekara goma sha huɗu na sha ruwan Damagaram. Me aka tara mutane haka, wani ya rasu?"

Thierry ya buɗe baki, Ɗanyaro ya riga shi, ya koma Faransanci don kowa ya ji.

"Ba wanda ya rasu. Motar dokta ce ta fita ran Juma'a, tsakanin sha biyu da huɗu. Amine yana Aix. Mamadu yana masallaci, kuma bai iya tuƙi ba. Wanda ya ja ta ya san yadda ake tayar da ita, ya san ƙofar gidan nan. Ya tsaya a waje ya yi magana da wani. Da ya wuce, wannan wanin ya sunkuya ya ɗebi ƙasa daga sawun."

"To, sai me?" in ji Thierry.

"A wurinmu abu biyu ke sa a ɗebi sawu. Akwai wanda aka yi wa sata, ya ɗebi sawun ɓarawo ya kai wa malami a yi masa aiki. Da haka ne, da ran Asabar aka ɗiba, bayan an gane. Amma ruwan Juma'a ya sauka a cikin ramin. An ɗiba tun ba wanda ya san komai. Saura na biyu. In naka zai yi tafiya, kana tsoron kada ya dawo, mata sukan ɗebi ƙasar da ya taka su ƙulle a tsumma su ajiye, har Allah ya maido shi. Ba a yi wa baƙo. Ba a yi wa ƙarfe. Gefen shofer aka ɗiba, don shofer ɗin ake ji wa tsoro. A gidan nan mace ɗaya ce ta san wannan al'ada, kuma ban da mijinta, mutum ɗaya ne za ta yi wa."

Madam Odile ta juya a hankali ta dubi Shafa'atu.

"Kin ɗebi sawuna, 'yata?"

Shafa'atu ta rufe fuska da mayafi.

"Maman," in ji Thierry, "likita ya hana ki tuƙi shekara shida."

"Likita bai taɓa kai mai naƙuda daga Mirriya zuwa Zinder cikin ruwan Agusta ba. Ni na kai, a motar nan, ubanka yana baya yana riƙe da ita. Na ji ka a waya kana shirya kamiyo, ka ɗauka barci nake. Na ce kafin a kai ta inda masu kuɗi za su riƙa shafa ta da safar hannu, sai ta kai ni wurin ubanka sau ɗaya. Na je kabarinsa a ƙauyensu, na bar ta a rumbun ɗan ƙaninsa, na dawo a taksi. Na sa yarinyar nan ta ɗauko makulli, na sa ta rantse da Alƙur'ani ba za ta faɗa ba, don na san in ka ji, gidan tsofaffi za ka kai ni." Ta numfasa. "Na yi ta jira ka zo ka tambaye ni, ba ka zo ba. To, wa ya ce sata ce?"

Ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a kan Mamadu, ta ga yadda rigarsa ta yi masa yawa.

"Thierry. Me ka ce wa mutumin nan?"

Ya faɗa mata. Bai rage ba, wannan kam a ba shi.

Tsohuwar ta kama sanda ta miƙe. Amine ya zo zai taimaka, ta ɗaga masa hannu. Ta taka har gaban Mamadu.

"Shi ya wanke ubanka wata takwas yana kwance, kana Paris," ta ce, ba ta waiwaya ba. Sannan da Hausa: "Mamadu, ka yafe mini. Ban sani ba."

"Ba komai, Madam," in ji shi.

Thierry ya matso ya miƙa hannu, ya ce a yi haƙuri. Mamadu ya karɓa.

"Mushe, wannan ya yi," in ji Ɗanyaro, "amma a falo ne. Sunan a Guillotière ya ɓaci."

"Ran Juma'a," in ji Madam Odile, "Amine zai ɗauko motar. Mamadu a gaba, ni da ɗana a baya. Mu za mu kai shi masallaci, mu tsaya a ƙofar shagon da ake hirar. Bayan nan, Thierry, sai mu yi maganar kamiyonka da gidan tsofaffinka. Na san ba zan ci duka biyun ba."

*

Da la'asar Ɗanyaro na zaune a sashen bakin ƙofa yana jiran lokacin jirgi, Shafa'atu ta haɗa masa shayi. Mamadu tun fitowarsu daga falo bai ce mata uffan ba. Ya zauna yana juya kofi a hannu.

"Kwana huɗu," ya ce daga baya. "Kina gani ana kirana ɓarawo."

"Na rantse ba zan faɗa ba. Na roƙi Mushe ya bar ni in ga Madam ni kaɗai, ya kafa mai jinya a kanta dare da rana. Sai na kira wanda ba sai an faɗa masa ba."

"Ta yi daidai," in ji Ɗanyaro. "Ka sha shayinka."

Mamadu ya kurɓa.

"Ni da nake fita kullum, ban taɓa ganin kin ɗebi nawa ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Suka ji ana jan akwati, ana ɗaga kaya. Ta fito da wani ɗan ƙulli na atamfa da ta koɗe har ba a gane launinta, ta ajiye a gabansa kusa da kofin.

"Na ƙofar gidanku ne a Tanut, ranar da ka shiga motar Agadas. Shekara bakwai ina jira ya maido ka." Ta zauna ta ja butar shayi. "Da ya ƙi, sai na ɗauko shi na biyo ka."